Tayar da Ta Yi Taushi Ita Ke Riƙe Hanya

A lardin Kebek na Kanada, daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris, doka ta wajabta wa motocin da ke da rajistar lardin sanya tayoyin hunturu. Dokar ba ruwanta da tsadar mota. Da mai tsohuwar Corolla da mai Porsche 911, kowa sai ya kai tasa an sauya mata taya, kuma mai Porsche ɗin ya ma fi buƙata.

Sirrin yana cikin robar. Motocin gudu sukan fito da tayoyin bazara masu faɗi, waɗanda aka haɗa robarsu don ta kama kwalta mai zafi. Da zarar sanyi ya sauko ƙasa da kimanin digiri 7, robar nan sai ta fara sandarewa, ta daina lanƙwasa tana shiga ƙananan ramukan titi, sai dai ta zame a kansu. Ga shi kuma injin da ke da ƙarfin doki 400 ba shi da hanyar isa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne kusan faɗin tafin hannu. In wuraren nan suka saki, ƙarfin injin ya zama abin da zai jefa mota cikin rami.

Tayar hunturu kuwa, wadda kamfanin da yanzu ake kira Nokian ya fara ƙerawa a Finlan a 1934, an haɗa robarta ne don ta zauna da taushinta komai tsananin sanyi. Jikinta cike yake da siraran tsaga waɗanda ke buɗewa idan nauyin mota ya hau kansu, su ciji ƙanƙara. Manyan ramukan zanenta kuma suna cika da dusar ƙanƙara, ita kuma dusar tana manne wa 'yar'uwarta da ke kan titi. Mai saye yakan duba gefen taya ya ga hoton dutse mai kai uku da ƙwayar dusar ƙanƙara a ciki, alamar cewa ta ci gwaji. Yakan sayi huɗu ne, ba biyu ba, don kada gaba ya riƙe baya ya sulale. Da yawa ma sukan zaɓi wadda ba ta kai ta bazara faɗi ba, domin siririya ta fi ratsa dusa.

Shi ma direban taushin ake nema a wurinsa. Totur a hankali, sitiyari a hankali, birki tun kafin a shiga kwana. Wanda injin motarsa ke juya duka ƙafafu huɗu ya fi saurin ruɗuwa: motar tana tashi ba gardama, sai ya ɗauka titin lafiya lau yake, ya manta cewa wajen tsayawa kowace mota ƙafa huɗu take da su.

Abin lura a nan shi ne, a rayuwa ma mukan ɗauka tsanani sai tauri. Maigidan da samu ya ja baya sai ya ƙara tsawa a gida, shugaban da ma'aikatarsa ta shiga matsi sai ya ƙara kafewa a kan ra'ayinsa. Tsarin da ya yi masa aiki lokacin yalwa shi yake ƙara dannawa, alhali in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mutumin da ya sandare ba ya jin abin da ke ƙarƙashinsa, ba ya jin kukan iyali ko shawarar na ƙasa da shi, kuma gwargwadon ƙarfinsa, gwargwadon ɓarnar da zai yi idan ya zame. Don haka duk wanda Allah ya ba iko a kan wasu, ranar da al'amura suka tsananta ita ce ranar da ya kamata ya sassauta murya, ya buɗe kunne, ya rage gaggawar yanke hukunci.