Tagullar Tsohuwar Waya da Haƙƙin Maƙwabci

A Gumel da Gagarawa, 'yan gwangwan na bin lungu-lungu da baro, suna sayen matattun caja da tsoffin wayoyin rediyo da na firji. Tagullar da ke ciki suke nema. A aza ta a sikeli, a ɗaure, ta nufi Kano.

Musulunci ya hana almubazzaranci, don haka tsamo wannan ƙarfe daga bola neman halal ne. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen fitar da shi. Yara da yawa ba sa zama su fere robar jikin wayar da reza. Tarawa suke yi su cinna mata wuta. Baƙin hayaƙin robar PVC guba ne ga huhu, kuma iska ba ta tsayar da shi kan mai ƙonawa, har ɗakin mai jego take kai shi. Irinsa ne ya addabi Agbogbloshie, matattarar gwangwan a Accra, kafin a rushe wurin a 2021.

Hadisin hana cutarwa yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda malaman zaure daga Maigatari zuwa Sule Tankarkar suka sani sarai. Wannan hanin ya hau kan dillalin da ke sayen tagullar ma: muddin kuɗi ɗaya yake biya ga ƙonanniyar waya da ferarriya, ashana yaron zai ɗauka.