Kafin a Ɗora Sabuwar Fata

Karatun safiya: Markus 2:18-22

A shekarar 1971 kamfanin Mercedes-Benz na Jamus ya fito da wata Marsandi mai ƙofa biyu wadda ake iya buɗe samanta, ana ce mata SL, masana motoci kuma suna kiran wannan samfurin R107. An yi shekara 18 ana ƙera ta, har 1989, aka fitar da fiye da 230,000, galibinsu suka tafi Amurka. Yau autarsu ma ta haura shekara 30 a duniya, amma masu sha'awar tsofaffin motocin gudu har yanzu suna nemanta, su saya, su gyara inji, su sake fenti. A ƙarshe sai a zo kan kujeru, kuma a kan kujerun nan nake so mu yi bimbini da safen nan.

Kujerar wannan mota hawa-hawa ce. A can ƙasa akwai ƙarfen da ya riƙe komai, sai sifirin a kansa, sai wata katifa da masu sana'ar ke kira gashin doki, wadda aka yi da gashin dabba da zaren ɓawon kwakwa aka haɗe su da ruwan roba. A sama ne ake ɗora abin da ido ke gani: ko fatar saniya, ko wata leda mai kauri da kamfanin ya sa wa suna MB-Tex. Ledar nan ta yi suna wajen ƙarko. Sai ta shekara talatin ba ta yage ba, a goge ta da tsumma ta yi ƙyalli kamar jiya aka ɗinka. Katifar da ke ƙarƙashinta kuwa ba ta da wannan tsawon rai. Robar da ta riƙe gashin takan bushe, katifar ta riƙa marmashewa tana zuba a kan kafet, wani gari-gari mai ruwan ƙasa. Sifirin ya gaji, wani ya karye. Mai leƙowa ta taga zai ce kujera lafiya lau. Mai zama ne kaɗai ya san ya nutse, ya karkace gefe guda, ƙarfe na tokarinsa. Wanda ya taɓa shiga tsohuwar Marsandi 200 ko 230, irin waɗanda suka cika titunan Kaduna da Jos da Kano a shekarun baya, ya san zaman da nake nufi, domin ginin kujerunsu kusan ɗaya ne.

Kada a ɗauka maganar jin daɗi ce kawai. Direban da ya nutse ba ya ganin gaban mota yadda ya kamata, ƙafarsa ba ta taka birki daga inda aka tsara, bel ɗin da ya kamata ya kwanta a ƙashin ƙugu sai ya hau ciki. Motar gudu kuma, in ta sha kwana, gefen kujera ne ke tare jikin mutum. In gefen ya mutu, sai direba ya koma riƙe kansa da sitiyari maimakon ya tuƙa da shi.

Akwai hanya mai arha, kuma kowane mai ɗinkin kujerar mota ya san masu zuwa nemanta. "Maigida, rufe mini ita kawai, sayarwa zan yi." A sa mata riga, ko a yanko sabuwar fata a ɗinke inda ya yage, a cusa guntun soso inda ya lotsa. Gwani ya san ƙarshen wannan aiki. Tsohuwar fata ta bushe, sabuwa tana da ƙarfi da danshi. In aka haɗa su da zare, duk zaman da za a yi sabuwar ce za ta ja tsohuwar, sai ta tsage ta bin ramukan allura, yagewar ta fi ta da.

Abin da Ubangiji Yesu ya faɗa ke nan a karatunmu, ko da yake shi da tufa ya yi misali. Mutane sun zo suna tambayarsa me ya sa almajiran Yahaya da na Farisiyawa suke azumi, nasa kuwa ba sa yi. Ya amsa musu da zancen ango da abokansa, sa'an nan ya nuna cewa sabon ƙyallen da bai sha ruwa ba, in aka yi wa tsohuwar riga maho da shi, zai tsuke ya ƙara yaga ta. Masu tambayar suna so ne su san a wane gurbi za su ajiye shi cikin tsarin addinin da suka saba, su ƙara shi a kai su ci gaba da rayuwarsu yadda take. Shi kuwa yana gaya musu cewa abin da ya kawo ya fi ƙarfin maho.

Mu ma haka muke so, in za mu faɗi gaskiya. Muna son Yesu ya rufe mana inda ya yage, wurin da mutane ke gani. Kuma akwai ledar da ba ta tsufa a cikinmu: mun iya gaisuwar majami'a, mun san inda ake cewa amin, ankon zumunta a goge yake, baiko ba ya wuce mu. Mutum zai iya shekara ashirin a haka ba wanda ya ga tsaga. Amma na gida sun san yadda zaman yake. Matar da ke karɓar tsawa kullum ta sani. Yarinyar da ke aiki a gidan, wadda aka riƙe wa albashin wata uku, ta sani. Ƙanen da aka daina gaisawa da shi tun ranar rabon gonar gado ya sani. Su ne suke ganin garin da ke zuba a ƙarƙashi. Hausawa sun riga sun ba irin wannan gyara suna, kitso da ƙwarƙwata.

Gyara na gaskiya da kwancewa yake farawa. A kwance notunan da suka ɗaure kujera da ƙasan mota, a fito da ita, a raba mazauni da majingina. A kife ta, a bi ƙananan zobban ƙarfen da suka kama fata ana datse su ɗaya bayan ɗaya da filaya. A yaye fata, a zubar da ruɓaɓɓiyar katifa. A wannan lokaci kujera ta fi kowane lokaci muni; mai motar da ya shigo ya gan ta tsirara, ƙarfe da tsatsa, zai iya cewa an ɓata masa dukiya. Amma sai yanzu ne ake ganin inda ƙarfe ya tsage a yi masa walda, a kankare tsatsa a shafa fenti, a canja sifirin da ya karye, a shimfiɗa buhu mai kauri a kansa don kada ya ci sabuwar katifa. Kusan duk wahalar aikin tana nan, a wurin da ba wanda zai sake gani in an rufe. Mai saye ba zai yaba waldar ba. Bayan direba ne zai shaida ta, shekara da shekaru.

Sarakuna biyu a Littafi Mai Tsarki sun tsaya a wannan mararraba. A 1 Sama'ila 15, annabi Sama'ila ya tarar da Sarki Saul ya bar Agag, sarkin Amalekawa, da rai tare da dabbobi masu kyau, saɓanin umarnin Allah. Saul ya fara da musu, ya koma ɗora wa jama'a laifi. Da ya ga ba mafita ya amsa cewa ya yi zunubi, amma nan take ya roƙi Sama'ila ya girmama shi a gaban dattawa. Ko a cikin tubansa, mutuncinsa a idon mutane ne ya dame shi. Dawuda kuwa, laifinsa a ma'aunin ɗan Adam ya fi muni: ya ɗauki matar Uriya, ya shirya mutuwar mijin a bakin daga, ya kuma yi watanni yana zaune a gadon sarauta kamar ba abin da ya faru. Da annabi Natan ya fallasa shi a 2 Sama'ila 12, bai kawo hujja ko ɗaya ba. Zabura 51, wadda ta fito daga wannan rana, ba ta roƙi a rufa masa asiri a gaban fadawa ba. Sabuwar zuciya ya roƙa a halitta masa. Gafarar ba ta ɗauke masa ɗacin abin da ya shuka ba, yaron da matar Uriya ta haifa masa ya mutu, gidansa bai rabu da takobi ba. Amma Dawuda ya tashi da Allahnsa, Saul kuwa ya ci gaba da zubewa a cikin rigar sarauta har ya ƙare a Dutsen Gilbowa.

Na san abin da ke hana mu yarda a kwance mu. Tsoro ne, cewa in Allah ya yaye rufin, ba abin da zai rage na kirki, ko kuma zai maishe mu wasu mutane dabam da ba mu sani ba. A nan akwai wani abu a aikin mai ɗinki da ke kwantar mini da rai. Tsohuwar fatar da aka cire, gwani ba ya jefar da ita nan da nan. Yakan warware ɗinkinta a hankali, ya shimfiɗa kowane yanki a kan sabuwar fata, ya bi gefensa da alli, sa'an nan ya sa almakashi. Sabuwar tana ɗaukar siffar tsohuwar. Ƙarfen ma na asali ne, wanda aka ƙera wa motar tun farko. Wanda ya halicce ka ya san siffar da ya nufe ka da ita, kuma ita yake maidowa. Bitrus mai saurin baki, wanda ya yi musun Ubangijinsa sau uku, shi ne dai ya miƙe ranar Fentikos ya yi wa taro wa'azi da bakin nan nasa, aka yi wa wajen mutum 3,000 baftisma.

Sai bayan duk wannan ake ɗora sabuwar fata. Akan shanya ta a rana ko a tura mata tururi ta yi laushi, a ja ta daga tsakiya zuwa gefe, a kama ta da sababbin zobba. Da farko za a ga 'yan tamoji nan da can, su lafa a hankali da zafi da zama. Don haka in ka tuba da gaske amma har yanzu halinka bai miƙe sarai ba, kada ka yanke ƙauna. Manzo Bulus ma, a Afisawa 4, tuɓe tsohon hali ya sa a gaba, sabunta tunani ya biyo, sa'an nan yafa sabon mutum. Bai kuma bar maganar a sama ba: maƙaryaci ya koma faɗin gaskiya, ɓarawo ya kama aiki da hannunsa har ya sami abin ba mabukaci, mai fushi kada ya kai faɗuwar rana da shi.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, akwai abu guda da ya faɗo maka a rai tun kana tsakiyar karatun nan. Kada ka nemi wani mai sauƙi ka musanya shi. Ka kira shi da sunansa a gaban Allah yanzu, kafin ka fita. In akwai mutumin da abin ya shafa, ka neme shi yau: ka biya kuɗin, ka buga wayar, ka nemi gafarar ba tare da ka haɗa da "amma" ba. In nauyin ya fi ƙarfinka kai kaɗai, ka sami fasto ko dattijo mai riƙon amana ku yi addu'a tare.

Addu'a: Ya Uba na sama, ka san abin da na daɗe ina rufewa. Na kawo shi gabanka da safen nan, ba ni da hujja. Ka gafarta mini saboda Yesu Almasihu, ka gyara ni tun daga ciki, ka kuma ba ni ƙarfin hali in je wurin wanda na ɓata wa kafin rana ta faɗi. Amin.