Hukuncin Wanda Ya Kange Fili Bai Raya Ba

Tambayarmu ta wannan mako ita ce: shin ya halatta mutum ya karɓi fuloti daga hukuma, ya zagaye shi da katanga, ya bar shi shekara da shekaru yana jiran ya yi tsada, alhali 'yan'uwansa ba su da wurin sa haƙarƙari?

Mu ɗauki Abuja misali. A 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta yanke shawarar gina sabon babban birni, aka zana taswirarsa unguwa-unguwa, gwamnati ta tare a 1991. Tituna sun yi faɗi, gine-gine sun yi kyau. Amma birkila da lebura da masinja da direba, waɗanda birnin ba ya motsi sai da su, da yawansu a Nyanya da Mararraba da Suleja suke kwana, su yi sammako su sha cunkoso kafin su iso wurin aiki. A Maitama da Asokoro kuwa ga manyan gidaje a kulle, ba kowa ciki sai maigadi. Da talaka ya gaji ya kafa 'yar bukkarsa ba izini, sai rusau ta biyo baya, kamar yadda aka gani tsakanin 2003 da 2007.

To, me magabata suka yi? Manzon Allah (S.A.W.) ya yanka wa Bilal ɗan Harisu al-Muzani ƙasa a kwarin Aƙiƙ. Da Sayyidina Umar ya zama Halifa, ya ga Bilal ya kasa raya ta duka, sai ya bar masa gwargwadon abin da zai iya, ya raba sauran ga Musulmi. Kyautar Annabi ce fa, amma Umar ya fahimci an ba shi ne don ya raya. Wanda ya kange bai raya ba, hujjarsa ta yi rauni.

Dokar ƙasa ta 1978 ma ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna ne bisa amana, domin amfanin dukkan jama'a. Ashe ke nan jami'in da ya raba filaye ga abokansa da surukansa ya ci amana, attajirin da ya tara takardu goma a akwati kuwa ya shiga sahun masu ɓoye hatsi lokacin yunwa.

Saboda haka ya wajaba hukuma ta sa wa'adin gini, ta kuma tsaya a kansa ga babba da yaro. Ta ware wa masu ƙaramin ƙarfi filaye kusa da wuraren aikinsu, da ruwa da hanya, tun kafin ta aiko da motar rusau. Mai fili kuma ya tuna kamu nawa ne rabonsa na ƙarshe a cikin ƙasar nan.

Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙon amana, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.