Abin da tsohon ɗalibi ke mayarwa: sadaka ce ko biyan bashi?

Duk wanda ya taɓa halartar taron gidauniya na tsofaffin ɗalibai a Jimeta ya san yadda ake yi. A kama zauren otal, a yi anko, a gayyato babban mai ƙaddamarwa. Mai gabatarwa ya riƙe lasifika kamar maroƙi: "Alhaji ya ba da miliyan biyu!" Zaure ya ɗauki tafi. Can baya kuma malamin firamare da ya zo da dubu biyar ya lallaɓa ya mayar da abarsa aljihu, don kada a kira sunansa bayan na Alhaji. Wata shida bayan nan ma'aji na bin masu alƙawari a waya, wasu ba sa ɗauka.

Kafin mu yi wa kowa hukunci, ya kamata mu san sunan abin da ake bayarwar. In sadaka ce, mai ita na da zaɓi: ya bayar ya sami lada, ya hana babu mai tuhumarsa. In bashi ne kuwa, to ba a yi wa mai biyan bashi tafi.

Ni a ganina ya fi kama da bashi. Ɗauki jami'armu ta tsallaken Binuwai, a Girei. Gwamnatin tarayya ta kafa ta a 1981 a matsayin jami'ar fasaha, aka haɗe ta da Jami'ar Maiduguri a 1984, ta sake tsayawa da ƙafarta a 1988, sannan a 2011 aka sa mata sunan Modibbo Adama, wanda ya kafa Yola. Ajin da aka zauna, da albashin malamin da ya koyar, duk daga aljihun jama'a suka fito, kuma galibin jama'ar nan ba su taɓa taka harabar jami'a ba. A nan unguwa ma mun san sauran: uwar da ta kwashi adashinta ta biya rajista, kawun da ke da rumfa a kasuwar Jimeta yana tura garin kwaki da sukari Sangere duk ƙarshen wata, abokin ɗakin da ya raba tukunyarsa biyu a makon jarrabawa. Digirin sunan mutum ɗaya yake ɗauke da shi, amma hannuwa da yawa suka ɗaga jinkar.

Sai dai bashin nan na da wani hali. Yawancin masu shi sun tsufa ko sun riga mu gidan gaskiya, kuma ko suna nan ba za su karɓa ba. Wanda za a biya shi ne yaron da ke aji ɗaya yau, wanda tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin motar zuwa Girei ya zame masa lissafi: in ya hau, babu abincin rana.

To shelar fa? Nan ba zan bi masu cewa duk riya ce ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa ɓoyewa ta fi, amma bayyanawa ba laifi ba ce, musamman in za ta zaburar da wani. Kuma kuɗin jama'a da ba a faɗi adadinsa a bainar jama'a ba, mun san yadda yake yin ƙafa. Jami'ar Harvard a Amurka sunan wani malamin coci ta ɗauka, wanda ya bar mata rabin dukiyarsa da littattafansa a 1638, yau kuwa asusunta ya haura dala biliyan 50. Ambaton mai bayarwa bai hana ta albarka ba.

Inda nake da ja shi ne abin da tafin ke koya mana mu zaɓa. Tafi na son abin da ake gani: ƙofar shiga mai fenti, allo mai sunan 'yan shekara kaza. Buhun shinkafa da kuɗin rajista ba su da bangon da za a manna suna. Mafi muni shi ne a kira ɗalibin da aka taimaka kan dandamali, a miƙa masa ambulan, a ce ya kalli kyamara, gobe hotonsa na yawo a Facebook. Yaron ya biya kuɗin nan da mutuncinsa, kuma babu wanda ya tambaye shi ko ya yarda da farashin. In dole sai an yi shela, a faɗi sunan mai bayarwa da adadi, a sakaya na mai karɓa.

Garin nan ya taɓa nuna ya iya. Da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram a ƙarshen Oktoban 2014, mutane suka kwararo Yola da Jimeta, mafi yawansu a gidajen jama'a suka sauka, ba a sansani ba. Ma'aikata da ɗaliban jami'ar AUN, tare da limamai da fastoci, suka riƙa rabon abinci, har a harabar cocin St. Theresa. A zaurukan unguwar nan kuwa an ciyar da baƙi wata da watanni, babu lasifika, babu rasit.

Wani zai ce duk wannan aikin gwamnati ne, in tsofaffin ɗalibai suka ɗauka sai ta ƙara miƙe ƙafa. Yana da gaskiya, kuma ƙungiyar da ta iya tara miliyoyi ta iya rubuta wa ɗan majalisa takarda. Amma takarda na ɗaukar shekara kafin a amsa, rajista kuwa ana rufe ta cikin makonni. Ƙungiyoyinmu su fara da tambayar shugabannin sassa ɗalibai nawa suka ajiye karatu bana saboda kuɗi, kafin su tambayi otal nawa ne kuɗin zaure.