Baƙon Da Ba Ya Kwana

Jiragen ruwan shaƙatawa da ke zaga arewacin Turai kusan tsarinsu ɗaya ne. Jirgi ya tashi daga Hamburg ko Kiel a Jamus, ya kwana yana tafiya, gari na wayewa ya tsaya a wata tasha: yau Kopenhagen, wata rana Tallinn ko Stockholm, ko kuma ya nausa arewa zuwa Bergen a Norwe. Mu fasinjoji mu sauka bayan karin kumallo, mu zaga, mu ɗauki hoto, kafin magariba mun koma. Ɗakin kwananmu yana cikin jirgi, abincinmu ma an riga an biya. Akwai jiragen da ke ɗaukar mutum sama da 5,000.

To, mene ne sunanmu a garin da muka yi wa awa bakwai? Mun saba cewa baƙo raɓa ne. Amma baƙon da muka sani yana da mai masauki, yana cin tuwon gida, ana sanin sunansa, in ya yi ba daidai ba akwai wanda zai ja masa kunne. Wannan kuwa ba shi da kowa a gari, kuma babu mai tuna fuskarsa.

A Bergen akwai unguwar Bryggen, jerin gidajen katako a bakin ruwa, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1979. 'Yan kasuwar Jamus na ƙungiyar Hansa sun kafa ofishinsu a nan wajen 1360, suna kawo hatsi suna sayen busasshen kifi, irin wanda har gobe ake kaiwa kasuwannin Najeriya. Su ma baƙi ne, riba ta kawo su, kuma ba su cika cuɗanya da 'yan gari ba. Sai dai a nan suke kwana, a nan hunturu yake samunsu. Da gobarar 1702 ta cinye unguwar, har da dukiyarsu ta tafi. Mu da muke bin lungunan nan da waya a hannu, in gari ya lalace babu abin da ya yi mana zafi. Baɗi sai jirgi ya canja tasha. An gani a 2022, lokacin da kamfanoni suka cire St. Petersburg daga jerinsu bayan Rasha ta afka wa Yukiren.

Ba mu ce kallo laifi ba ne. Gani ya kori ji. Dattijuwar da ƙafa ta hana ta hawa da sauka a tashoshin jirgin ƙasa, wannan ce hanyar da za ta ga duniya, kuma direban bas da ɗan rakiya suna cin abinci da zuwanmu. Inda gizo ke saƙar shi ne nauyin da aka raba wa mutum dubu biyar, kowa ya ji nasa bai kai a ambata ba. Wa ya toshe titi? Ba ni ba. Hayaƙin injin da ke ruri yini guda don firji da fitilun jirgi kada su mutu, wanda 'yan unguwar tashar ke shaƙa, na wa ne? Kowa ya ce kason da ya faɗo masa bai fi na sigari ɗaya ba. Amma wanda ya shaƙa, duka ya shaƙa.

Shi ya sa muke ganin garuruwan da suka fara ja da baya suna da gaskiya, ko da hakan zai sa tikitinmu ya yi tsada. Bergen ta ƙayyade jirgi 4 da fasinja 8,000 a rana. A 2023 majalisar birnin Amsterdam ta zaɓi a fitar da tashar manyan jiragen daga tsakiyar gari. Majalisar Norwe ta yanke a 2018 cewa daga 2026 jirgi mai hayaƙi ba zai shiga mashigin Geiranger ba, inda ƙauyen da ke ƙarshensa mazaunansa 'yan ɗaruruwa ne kawai. Daga baya aka ɗaga wa manyan jirage ƙafa zuwa 2032. Ashe mai masaukin ma yana son kuɗin, kuma ƙasar da ke sayar da man fetur ba ta rasa nata kason a hayaƙin.

Akwai kuma wanda ba ma lissafawa, alhali da shi muke kwana. Masu gyara mana gado da masu wanke kwanuka galibi daga Filifin, Indunusiya da Indiya suke, kan kwantiragin watanni a jere, a jirgin da sau da yawa tutar Bahamas ko Panama ko Malta yake ɗauke da ita, wato dokar da ke kansa ba ta garin da ya tsaya ba ce. Sun fi mu yawan zuwa Tallinn nesa ba kusa ba. In sun sami awa biyu na hutu a tasha, da yawansu ba tsohon gari suke nufa ba, wurin da intanet ke kamawa suke nema su kira gida.