Sa'ar da Malami Ke Yin Shiru

Duk wanda ya taɓa zaman makarantar kwana a ƙasar nan ya san firef, wato lokacin nan na bayan la'asar ko bayan isha'i da ake kaɗa ƙararrawa ɗalibai su koma aji, kowa ya buɗe littafinsa, ba malami a gaban allo, ba surutu. Tambayar da ke damunmu, mu da muke riƙe da alli, ita ce: mene ne amfanin sa'ar da ba a koyar da kowa komai a cikinta?

Wasu abokan aikinmu na ganin ɓata lokaci ne. Suna cewa manhaja ta yi yawa, jarrabawar WAEC da NECO na tafe, gara a mayar da firef lokacin lesin. Wasu kuma na ganin tsare yaro ya yi shiru ala tilas takurawa ce, wadda ba ta haifar da komai sai gyangyaɗi a kan tebur. Ba mu ce ba su da hujja ba, domin mun sha leƙa aji mu tarar rabinsa barci ake yi, manya kuma sun sa ƙanana suna kwafa musu rubutu. Amma lalacewar abu a hannun mai sakaci ba ta nufin abin ba shi da amfani.

Uwa na iya tauna wa ɗanta abinci, amma ba ta iya haɗiye masa. Haka malami yake. Abin da muka faɗa a aji aro ne, ba ya zama na ɗalibi sai ya zauna shi kaɗai ya yi kokawa da shi. Tun a 1885 wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri jim kaɗan bayan an koyi abu, kuma maimaitawa lokaci bayan lokaci ita ke rage ta. Alarammomin tsangaya ba su jira shi ba. Sun daɗe da sanin cewa hadda ba ta zama sai da tilawa, shi ya sa gardi kan ɗauki allonsa ya tafi kiskadi bayan gari, nesa da hayaniya.

To, ban da kaifin ƙwaƙwalwa, akwai tarbiyya. A aji yaro na iya fakewa cikin amshin jama'a, a ce an gane, shi ma ya ce ya gane. A firef kuwa ba wanda zai ruɗa sai kansa. Nan yake koyon faɗa wa kansa gaskiya cewa lissafin nan bai zauna ba. Wanda bai saba da wannan gaskiya ba, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, shi ne za a kama da 'yar takarda a cikin safa.

Akwai kuma batun adalci. Bayan shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ɗalibai sun yi yawa, makarantun jeka-ka-dawo suka yawaita. Ɗan mai hali na komawa gida ya sami tebur da hasken lantarki. 'Yar talaka kuwa ɗiban ruwa da raino da talla ke jiranta. Idan makaranta ba ta ware mata sa'a guda ta shiru ba, babu inda za ta same ta. Yau kuma ga wayar hannu ta shigo, har ɗan mai halin ma shirun ya gagare shi.

Saboda haka laifin ba na firef ba ne, namu ne da muke barin monita da tsumagiya mu tafi hira. Haƙƙinmu ne mu zauna a bayan aji, mu ma da namu littafin, a shirye ga mai tambaya, amma mu kame bakinmu. Yaron da ya ga malaminsa na karatu ba ya bukatar dogon wa'azi.

Allah Ya ba mu ikon sauke amana, amin.