Ƙarya Don Kare Martabar Kakanni: Ta Halatta?

'Yan'uwana ɗalibai, ga wata tambaya da ta daɗe tana damuna. Idan an raina al'ummarka, ya halatta ka ƙara wa tarihinta gishiri don ka share mata hawaye? Bari in kawo misali daga ƙasar Indiya.

A can ana ba da labarin wani malami mutumin Bombai, Shivkar Bapuji Talpade. Wai a shekarar 1895 ya ƙera jirgi mai suna Marutsakha, ya tashe shi ba matuƙi a bakin tekun Chowpatty, har ya yi sama ƙafa 1,500. Wai kuma cikin tsofaffin littattafan addinin Hindu ya tsinto ilmin. In haka ne, ke nan ya riga 'yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, da shekara takwas. Sai dai ba a sami hoto ko wata shaida ta zamanin da ta tabbatar da tashin ba.

Littafin da aka fi kafa hujja da shi, Vaimanika Shastra, ana danganta shi ga wani malami na can dauri mai suna Bharadwaja. Amma wani Subbaraya Shastry ne ya yi shiftarsa tsakanin 1918 da 1923, yana cewa ilhama ce ta zo masa. A 1974 masana a Cibiyar Kimiyya ta Indiya da ke Bangalore suka bi zane-zanen jiragen cikinsa, suka ce ba su da halin tashi. A lura, 'yan ƙasa ne suka faɗi haka, ba Turawa ba.

To, su Wright fa? Tashinsu na farko a Kitty Hawk, ran 17 ga Disamba, 1903, daƙiƙa 12 ne kacal, tsawon ƙafa 120. Amma akwai hoto, akwai shaidu, kuma sau huɗu suka tashi a ranar. Gani ya kori ji.

Wani zai ce, ai wanda Turawan mulkin mallaka suka gaya wa kakanninsa ba su tsinana kome ba, dole ya nemi abin tinƙaho. Na yarda raunin nan gaskiya ne. Na kuma yarda cewa Pushpaka, keken sama da ke cikin Ramayana, shaida ce ta zurfin tunanin mutanen da. Hikaya ba ƙarya ba ce, sai ranar da aka sa mata rigar tarihi.

Illar yin haka biyu ce. Ta farko, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da asiri ya tonu, har gaskiyarka sai a yi shakkarta. Indiya da ta ba duniya sifiri ba ta bukatar aron abin alfahari. Ta biyu ta fi muni: yaro zai ɗauka ilmi yana kwance cikin tsohon kundi, sai a tono kawai, alhali gumi da gwaji ke kawo shi. Kumbon Chandrayaan-3 da Indiya ta saukar a kan wata a 2023, lissafi ne ya kai shi.

Mu da ake turawa ƙauyuka tattaro tarihin baka, mu ji tsoron wannan tarko. Mu rubuta hikaya da sunan hikaya, tarihi da sunan tarihi. Wanda ya yi wa kakansa ƙarya, ya nuna gaskiyar kakan ba ta ishe shi ba. Allah ya sa mu dace.